Wata takwas da mamatsin dankali: murjajjen dankalin turawa ba madara, ba bota

Wata takwas ke nan da na sayi mamatsin dankali a wani shagon kayan kicin da ke kusa da Taminus a nan Jos, kuma tun daga ranar da wuya a yi mako guda ban ɗauko shi sau biyu ko uku ba. Ina ganin na san shi sanin da zan iya faɗin alherinsa da aibinsa ba tare da na zalunce shi ko na yi masa kara ba. Masu shago suna ce masa raisa, daga sunan shinkafa da Turanci, domin dankalin da ya ratsa ta cikinsa yana zubowa ne siri-siri kamar dafaffiyar shinkafa. Ni dai mamatsi nake ce masa, tunda aikinsa ke nan, kuma duk wadda ta san ɗan ƙarfen nan na matse tafarnuwa ta san siffarsa, sai dai wannan ya ninka shi girma sau da yawa.

Dalilin sayensa uwar maigidana ce, wadda duk gidan muke kira Hajiya. Shekaru sun ja, turamen haƙoranta sun zube, likita kuma ya ce a riƙa ba ta abinci mai laushi wanda ba ya bukatar tauna. Muka yi ta kewayawa tsakanin kunu da fate da tuwo mai ruwa-ruwa har suka gundure ta, ta fara ture kwano. Sai na tuna da murjajjen dankalin turawa da na taɓa ci a wajen wani biki a Abuja, mai laushi kamar auduga, na ce ai mu da muke zaune a gidan dankali bai kamata wannan ya gagare mu ba. Inda gizo yake saƙar shi ne, a yadda Turawa suke yin sa madara da bota su ne rabin girkin, Hajiya kuwa ko a shayi ta sha madarar gari, ranar ba ta da sukuni: ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi, wani lokaci har da gudawa. Ba wani baƙon ciwo ba ne. Akwai wani sukari a cikin madara da ake kira laktos, hanji kuma yana bukatar wani sinadari mai suna laktes kafin ya narkar da shi, kuma a jikin mafi yawan mutanen duniya wannan sinadari yana raguwa bayan yaye. A cikin al'ummomin da suka daɗe suna kiwo, irin su Fulani, aka fi samun masu riƙe shi har tsufa. Hajiya takan sha nono mai tsami kaɗan ba ta ji komai ba, domin tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin, amma madarar gari da ta gwangwani ba sa karɓar ta ko kusa.

Kafin mamatsin ya shigo gidan na ɓata dankali ba kaɗan ba, kuma sai na faɗi yadda na ɓata shi ne za a gane aikin da wannan ƙarfe yake yi. Ranar farko bilenda na ɗauko, a tunanina abin da ya niƙa tumatir da attaruhu lukui ba zai kasa dafaffen dankali ba. Abin da ya fito yana sheƙi, yana bin cokali, yana ja kamar an haɗa sakwara da miyar kuɓewa a kwano ɗaya. Hajiya ta ɗanɗana, ta ajiye cokalin, ta ce, "'Yar nan, wannan ai sai dai a liƙe ambulan da shi." Na ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, gobe zan gyara." Kashegari na koma turmi da taɓarya, na sami sakwarar dankali mai nauyi wadda ta fi ƙarfin dasashinta. Cokali mai yatsu da muciya sun fi su dama, sai dai suna barin gudaji, kuma garin bin gudajin nan ɗaya bayan ɗaya ana murjewa sai sauran ya yi danƙo.

Dalilin kuwa a jikin dankalin yake. Kusan kashi 80 cikin 100 na dankali ruwa ne, mafi yawan abin da ya rage kuma sitaci ne da yake ƙunshe cikin wasu ƙananan jakunkuna da ido ba ya iya gani. Idan dankali ya dahu, sitacin yakan sha ruwa ya kumbura, jakunkunan kuma su saki juna. Matuƙar an raba su ba tare da an fasa su ba, za a sami dankali mai gari-gari, marar nauyi, mai narkewa a baki. Da zarar an fasa su kuwa, sitacin ya tsiyayo waje, to danƙo ya samu, kuma babu dabarar da za ta mayar da shi yadda yake. A sakwara wannan danƙon muke nema, shi ya sa muke kirɓa doya har gumi ya keto mana. A nan kishiyarsa ake so. Wuƙar bilenda da kan taɓarya fasa jakunkunan suke yi, mamatsi kuwa yana tura kowane yanki na dankali ta cikin huda sau ɗaya tak, ya wuce, ba a sake taɓa shi ba.

Wannan shi ne babban abin da na koya a wata takwas ɗin nan, kuma shi ne ya sa nake ganin mamatsi ya fi amfani ga mai girki ba madara fiye da mai girki da ita. Bota da madara suna rufa wa mai girki asiri. Idan dankali ya ɗan yi danƙo, maiƙon bota yakan lulluɓe sitacin, ƙamshinsa kuma ya ɗauke hankalin mai ci. Wadda ta cire su ba ta da mayafi, duk kuskuren hannunta a fili zai bayyana. Na daɗe ina neman abin da zai maye gurbin madara, ashe ba a nan matsalar take ba, a wajen murzar take.

Wanda na saya na ƙarfen nan ne marar tsatsa, da hannuwa biyu masu tsawon kusan taƙi ɗaya da rabi, da kwando mai zagaye wanda yake ɗaukar matsakaitan dankali biyu, ko uku idan an yanka su. Hannun sama yana ɗauke da marfin da yake danna dankalin, a gindin kwandon kuma ana saka faifai mai huda. Faifai uku ya zo da su, mai ƙananan huda da matsakaici da mai manya. Akwai ɗan ƙugiya a gabansa da ake ɗora wa a bakin tukunya, kuma kada a raina wannan ƙugiya, domin ita ce take ɗauke rabin nauyin aikin daga wuyan hannu. Kuɗinsa ya yi daidai da na matsakaiciyar tukunya mai kyau, abin da ya sa na yi ta juya shi a hannu a cikin shagon ina tunanin ko almubazzaranci ne. Yaron shagon bai taimake ni da komai ba, domin da na tambaye shi amfanin faifan nan uku sai ya ce, "Hajiya, ai na matse lemo ne." Ban ga laifinsa sosai ba, kaya ne da ba a saba da shi ba, kuma guda biyu ne kacal a kan kantar, duk sun yi ƙura.

Ga yadda nake yi yanzu, bayan gwaji mai yawa. Nakan fere dankali kilo ɗaya, wanda yake isar mutum huɗu idan akwai miya ko nama a gefe, in yanka shi gida biyu ko huɗu yadda girman zai zo ɗaya. A ruwan sanyi nake zuba shi da gishiri, sannan in kunna wuta, domin idan aka jefa shi a tafasasshen ruwa bayansa yakan faffashe tun cikinsa bai dahu ba. A nan Jos sai an ƙara haƙuri kaɗan. Garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, a irin wannan tudu kuwa ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96 maimakon 100, saboda haka lokacin da aka rubuta a girke-girken ƙasashen waje ba ya isa. Ni yakan ɗauke ni minti 20 zuwa 25 daga tafasa, kuma ba agogo nake bi ba, wuƙa nake sokawa, idan ta shige ta fito ba tirjiya to ya yi. Kafin in tace nakan ɗebi kofi ɗaya na ruwan dahuwar in ajiye. Sai in tsiyaye sauran, in mayar da dankalin cikin tukunyar a kan wuta ƙasa-ƙasa na minti biyu har tururin ya fita, bayansa ya yi fari-fari. Daga nan sai matsa, kuma tilas da zafinsa, domin dankalin da ya huce yakan taurare, ya wahalar da hannu, ya kuma fito da danƙo.

Da ya taru a tukunya kamar tulin shinkafa, mai nake fara zubawa kafin ruwa, babban cokali huɗu zuwa biyar, in juya a hankali da ludayin katako kamar mai naɗe zane. Bai kamata a zuba mai daidai yawan botar da aka saba sakawa ba, domin bota kimanin kashi 80 cikin 100 ne maiƙonta, saura galibi ruwa ne, shi kuwa mai zallarsa ne. Bayan man ya shige sai in riƙa zuba ruwan dahuwar nan da zafinsa kaɗan-kaɗan, yawanci rabin kofi ko ya ɗan fi, har ya kai laushin da nake so. Da ya haɗe nake tsayawa. Ita ma muciya idan aka sake mata za ta ɓata abin da mamatsi ya gyara.

A kan abin da ake zubawa a madadin madara na fi ɓata lokaci da kuɗi, kuma sakamakon ya ba ni mamaki. Madarar kwakwa ta gwangwani tana ba da maiƙo da santsi fiye da kowacce, amma ƙamshinta yana danne na dankalin, har maigida ya tambaya ko alawa na yi. Idan da miya mai yaji ko mai kori za a ci, tana dacewa, musamman idan an tsinka ta da ruwan dahuwa rabi da rabi. Madarar waken suya da muke yi a gida kafin a haɗa awara ita ce ta fi kusa da madarar shanu a kauri da launi, da sharaɗin a tafasa ta sosai har gafin waken ya fita, in ba haka ba warinsa zai bi abincin. Ta kwali ko ta kwalba da ake sayarwa a kantuna kuwa galibi an saka mata sukari da ƙamshi domin sha aka yi ta, kuma sau ɗaya na gwada ban sake ba. Madarar aya ma zaƙinta ya yi yawa, ga shi ba ta jure ajiya. Romon kaza ko na ƙashi, wanda aka tace aka rage masa kitse, yana ba da ɗanɗano mai zurfi, kuma shi ne Hajiya ta fi so. Amma wanda na fi komawa gare shi, wanda kuma ba na biyan ko kwabo a kansa, shi ne ruwan da dankalin ya dahu a ciki. Yana da gishiri daidai, yana da ƙamshin dankalin kansa, kuma ɗan sitacin da ya narke a cikinsa yana riƙe mai ya hana shi tashi sama, sai abincin ya yi kama da wanda aka zuba wa madara.

Ta fuskar mai, man zaitun ya fi daɗi idan aljihu ya yarda, sai dai mai ƙarfin ƙamshi yakan bar ɗan ɗaci a maƙogwaro, don haka nakan gauraya shi da farin mai marar ƙamshi. Man gyaɗa na 'yan ƙuli yana da daɗi ga wanda ya tashi da shi, amma sai an soya shi da albasa tukuna, kuma abin da za a samu ya fi kusa da girkinmu na gida fiye da na Turawa, wanda ni ban ɗauke shi aibi ba. Dabarar da ta fi kowacce gyara mini girkin ita ce in jefa tafarnuwa ƙwaya biyar ko shida cikin tukunya su dahu tare da dankalin, sannan in matse su tare. Dahuwa tana kashe zafinta, ta bar zaƙi da laushi, kuma mamatsin yana rarraba ta ko'ina. Ɗan masoro da gyaɗar ƙamshi kaɗan da yankakken lawashi a sama sun wadatar.

Sai dai mamatsi ba ya canza halin dankali, kuma nan ne mazauna Jos ya kamata su buɗe ido. Jihar Filato ce take noma mafi yawan dankalin turawan da ake ci a Najeriya, daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Pankshin da kewayensu, inda sanyin tudu ya yi daidai da shukar da asalinta daga duwatsun Kudancin Amurka take. A Kuru ma akwai tashar binciken dankali ta cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta ƙasa, wadda hedikwatarta take Umudike a Jihar Abiya. Amma irin da ake ambata a girke-girken waje, kamar Russet na Amurka ko Maris Piper na Ingila, masu yawan gari, ba su ne a kasuwarmu ba. Abin da aka fi samu a kasuwar Farin Gada irin su Nicola da Marabel ne, masu rawayan ciki, waɗanda suke riƙe jikinsu bayan dahuwa. Sun dace da fate da soyawa da haɗin salak, amma wajen murza suna saurin yin danƙo, Nicola ma ya fi. Da irin wannan dankali ne bambancin mamatsi da sauran kayan aiki yake fitowa ƙarara, domin shi ne ya ba ni sakamako mai kyau da Marabel inda muciya da cokali mai yatsu suka kasa. Idan na dace da Diamant, wanda ya fi su gari, to ranar ko cokali mai yatsu ma yana iya yin rabin aikin.

Yawancin masu sayarwa a kasuwa ba da waɗannan sunaye suke ciniki ba, airish ne kawai, babba ko ƙarami, sabo ko tsoho. Don haka na koyi duba shi da kaina. Sabon dankalin damina, wanda ɓawonsa yake saluɓewa da ɗan yatsa, ruwa ya yi masa yawa, kuma a watannin Yuli da Agusta da ya cika kasuwa ya yi araha na fi shan wahalar samun laushin da nake so. Wanda ya ƙosa, ɓawonsa ya kama, ya ɗan kwana biyu a ajiye, shi ya fi. Akwai gwajin da nake yi idan na sayi bokiti guda mai gauraye: in narka gishiri awo ɗaya a ruwa awo goma sha ɗaya, in zuba dankalin a ciki. Masu nitsewa sun fi sitaci, su nake warewa domin murza, masu tasowa sama kuma su tafi fate. Duk wanda ya yi kore ko ya fara tsiro nakan yanke wurin da zurfi, idan koren ya yi yawa in jefar, domin alama ce ta wani dafi mai ɗaci da ake kira solanin, wanda dahuwa ba ta kashe shi, kuma cikin tsohuwa ba wurin gwaji ba ne.

Aibobin mamatsin suna da yawa, kuma ba zan rage ko ɗaya ba. Na farko kuma mafi girma shi ne ƙusar da ta haɗa hannuwan biyu. Siririya ce ƙwarai idan aka kwatanta da nauyin da take ɗauka, kuma a wata na huɗu ta lanƙwashe, marfin ya fara shiga kwandon a karkace. Na mayar da shi shagon, mai shagon ya karɓe ni da fara'a amma ya ce kayan waje ne, ba su da garanti, ba su kuma da kayan gyaransa. Wani mai walda a unguwarmu ne ya cire ta ya saka ƙusa mai kauri da noti, kuma tun daga nan bai sake motsi ba, har ma ya fi yadda ya zo. Na yarda akwai nawa laifin, domin akwai ranar da na danna dankalin da bai gama dahuwa ba da dukkan ƙarfina, amma kayan da aka yi domin matsa bai kamata matsa ta karya shi ba.

Marfin kuma bai cika bakin kwandon daidai ba, akwai ɗan rata a gefe, ta nan dankali yake bullowa sama idan aka cika kwandon. Maganinsa shi ne kada a wuce kashi biyu cikin uku, wanda yake nufin kilo ɗaya sai an matsa sau shida ko bakwai. Ga abincin mutum ɗaya ko huɗu wannan ba komai ba ne. Ranar da na yi wa baƙi goma sha biyu kuwa, kafin in gama na ƙarshe na farko ya huce, tafin hannuna kuma ya yi ja, domin hannuwan ƙarfe ne tsirara, ba roba, gefensu yana shiga nama. Mai ciwon gaɓoɓi ko raunin wuyan hannu ba za ta ji daɗinsa ba. Wanki ma wani aiki ne. Idan aka bar shi ya bushe, sitacin yakan toshe hudojin ya ƙanƙame kamar siminti, sai an jiƙa an bi da buroshi. Na saba jefa shi cikin ruwa da zarar na gama, tun kafin in zuba mai a dankalin. Gefen faifan yana da kaifi, ya taɓa yanka ni a wajen wanki.

A jikin kwalin an zana cewa ana iya matse dankali da ɓawonsa, ɓawon ya tsaya a kwando, tsokar ta wuce. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Yana yi idan an raba dankalin biyu an kifa yankakken gefen a kan faifai, sai dai bayan kowace matsa tilas a tsaya a zare ɓawon mai zafi da yatsa, da dankalinmu mai siririn ɓawo kuma gutsattsarinsa suna ratsawa. Fere shi tun farko ya fi mini sauƙi. Cikin faifan uku ma ɗaya ne nake amfani da shi kullum, wato mai ƙananan huda. Matsakaicin yana yi wa lawur da kabewa, waɗanda nake haɗawa da dankalin wani lokaci domin canjin baki, mai manyan huda kuwa bai taɓa yi mini wani amfani ba sai matse ruwan dafaffen alayyafo. Na gwada doya sau ɗaya, ta fi ƙarfinsa.

Akwai gargaɗin da ya wajaba in yi, domin wata maƙwabciyata ta ari mamatsin za ta yi wa ɗanta, shi kuwa matsalarsa ba irin ta Hajiya ba ce. Hajiya sukarin madara ne hanjinta ba ya narkarwa, iyakarta ciwon ciki. Yaron kuwa alaji gare shi, jikinsa yana yaƙi da furotin ɗin madara, ɗan kaɗan ma yana iya fito masa da ƙuraje, ya kumbura masa fuska, har ya toshe numfashi. Ga irinsa cire madarar gari kawai bai isa ba. Abin da muke kira bota a kasuwa galibi majarin ne na man tsirrai, amma da yawa daga cikinsu ana saka musu garin madara ko ruwanta, sai an karanta jerin kayan haɗin da ke jikin roba. Man shanu daga madara yake, ko da an soya shi. Farin garin nan da ake zubawa a shayi a madadin madara sau da yawa yana ɗauke da kesin, wanda furotin ɗin madara ne. Garin murjajjen dankali na kwali da ake samu a manyan kantunan Abuja ma wasunsa da madara a ciki. Wasu yaran masu wannan alaji waken suya ma yana tayar musu, don haka sai da shawarar likita. Shi kansa mamatsin, idan an taɓa matse abin da yake da bota da shi, a wanke hudojinsa tas kafin a yi wa irin wannan yaro. Ruwan dahuwa da mai da gishiri su ne hanyar da ta fi aminci.

Wa ya kamata ya saya? Wadda take da tsoho ko marar lafiya ko yaron da ake yaye a gida, wadda za ta riƙa yin wannan abinci duk mako ba tare da bota ta rufa mata asiri ba, kuɗinta ba zai tafi a banza ba, ko da za ta ƙara da na mai walda. Hajiya yanzu takan cinye kwanonta da romon kaza, wani lokaci har ta tambaya ko da saura. Wadda kuwa sau biyu ko uku a shekara za ta yi, ba ta bukatarsa. Rariyar ƙarfe mai ƙarfi da bayan ludayi suna yin aiki iri ɗaya, har ma sakamakon ya fi laushi, sai dai suna cin lokaci ninki uku kuma tururi yana ƙona hannu.

Idan za a saya, a fitar da shi daga kwali a cikin shagon. A buɗe hannuwan a girgiza su hagu da dama, idan suna lilo to ƙusar ba ta da ƙwari. A sauke marfin cikin kwandon a duba ratar da ke gefe, wadda ta wuce kaurin tsinken ashana ta yi yawa. A matse hannuwan biyu da ƙarfi a ji ko ƙarfen yana lanƙwasa, a kuma fifita mai roba a hannu da ƙugiya a gaba. Na ga wani na dalma mai fenti da ya fi nawa araha a wani shagon, amma fentin cikin kwandonsa ya riga ya fara ɓarewa tun yana kan kanta, don haka na mayar da shi inda na ɗauko.